Yadda Ake Magance Ƙarancin Wuri da Maimaituwar Sassan Ajiya Yayin Sabunta Babbar Manhajar Mac

Mafi yawan kwamfutocin Mac da ake kawo mini da matsalar sabunta babbar manhaja, wato macOS, suna zuwa ne da ɗayan abubuwa biyu: ko dai na'urar ta ce babu isasshen wuri alhali mai ita yana ganin akwai, ko kuma an buɗe Disk Utility, manhajar Mac da ke kula da faifan ajiya, an tarar da sassa biyu masu suna iri ɗaya, kowanne na cewa shi ne Macintosh HD - Data. Sau da yawa matsalolin biyu uwarsu ɗaya, domin sashen da ya maimaitu shi ne yake zaune a kan wurin da ake nema. Wannan ya fi faruwa a kan MacBook Air masu rumbun GB 128. Abin da nake son mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, sashen da ya maimaitu yawanci ɗauke yake da fayilolin wani, don haka ba a goge shi sai an tabbatar da ko wane ne, an kuma leƙa cikinsa.

Kayan da za ka tanada

Abu na farko shi ne faifan ajiya na waje, wanda girmansa ya kai aƙalla na rumbun kwamfutar, kuma ya fi kyau ya ninka shi. Na biyu shi ne filashi mai GB 32 wanda babu wani abu mai amfani a cikinsa, domin za a iya buƙatar goge shi gaba ɗaya. Sai caja mai kyau da wutar da ba za ta ɗauke ba na tsawon awa biyu zuwa uku. Idan wutar unguwarku ba ta da tabbas, ka cika batir tukuna, sannan ka yi aikin a inda ake da sola ko janareta. Kana kuma buƙatar intanet mai ƙarfi da datar da ta haura GB 15, saboda fayil ɗin girka manhajar kaɗai yakan wuce GB 12. Ka tabbatar kana da kalmar sirrin shiga kwamfutar a matsayin mai iko, da kalmar sirrin asusun Apple da aka ɗaura mata. A ƙarshe ka ajiye takarda da biro kusa, domin akwai lambobin da za ka rubuta, kuma dogaro da ƙwaƙwalwa a nan yana jawo asara.

Ɗan bayanin da ya zama dole

Tun daga macOS High Sierra na shekarar 2017, Apple ya koma tsarin ajiya mai suna APFS. A wannan tsari faifan kwamfuta kamar rumbu ɗaya ne da aka zuba buhuna a ciki: babu buhun da aka yanka wa rabonsa na dindindin, kowanne yana cin wuri gwargwadon abin da ke cikinsa, kuma filin da ya rage na kowa ne. Rumbun shi ne abin da za ka gani an rubuta Container, buhunan kuma su ne Volume, waɗanda zan riƙa kira sassa. Saboda haka idan wani tsohon sashe ya riƙe GB 60, to GB 60 ɗin nan sun fita daga hannun kowa, ko da ba ka ganin fayilolinsa a inda ka saba dubawa.

Daga macOS Catalina na 2019 aka raba kwamfutar gida biyu: Macintosh HD, inda babbar manhajar take kuma ba a iya rubutu a cikinsa, da Macintosh HD - Data, inda hotunanka da takardunka da manhajojin da ka girka suke. A wasu na'urorin sunan na biyun Data ne kawai. Ganin waɗannan biyun ba matsala ba ce, haka aka gina abin, kuma wanda ya goge na biyun yana zaton kwafi ne ya goge dukan kayansa. Matsalar tana farawa ne idan sun zama uku. Hakan na faruwa idan wani ya shiga yanayin farfaɗowa (Recovery), wato wurin da ake tashin Mac domin gyara ko sake girka manhaja, ya goge Macintosh HD shi kaɗai sannan ya sake girka manhajar: na'urar za ta ƙirƙiri sabon sashen Data, tsohon kuma ya zauna maraya da duk abin da ke cikinsa. Wani lokaci ma za ka ga suna kamar Macintosh HD - Data - Data, alamar an girka manhajar ne a kan tsohon sashen bayanai.

Mataki na 1: Ka kwafe kayanka kafin komai

Ka haɗa faifan waje, ka kunna Time Machine, manhajar Mac da ke kwafe kayan kwamfuta zuwa faifan waje, ka bar shi ya gama zagaye ɗaya cikakke. Idan faifan da kake da shi ƙarami ne, ko kuma akwai kayan wani a ciki da ba za a iya gogewa ba, to ka kwashe da hannu: Documents, Desktop, Downloads, Pictures da Movies. Bayan ka gama, ka buɗe fayil uku ko huɗu daga cikin faifan wajen ka ga sun buɗu, domin na sha ganin kwafin da ya tsaya a tsakiya ba tare da mai shi ya lura ba. Ka kuma sani cewa kada ka ɗauka Time Machine ya kwashe abin da ke cikin marayan sashe. Wannan za mu duba shi da kansa a mataki na 4.

Mataki na 2: Ka san ainihin wurin da ya rage

Lambar da Finder, inda ake duba fayiloli, yake nunawa takan haɗa da wurin da na'urar take ganin za ta iya sharewa idan buƙata ta taso, wanda ake rubutawa purgeable, amma mai girka manhaja, wato fayil ɗin da ke yin girkawar, ba koyaushe yake lissafa da shi ba. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai ga GB 40 a Finder, mai girkawa kuma ya ce ana buƙatar ƙarin GB 15. Don ganin lambar gaskiya, ka buɗe Terminal, manhajar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, daga cikin Applications, sannan Utilities, ka rubuta:

df -H /System/Volumes/Data

Lambar da ke ƙarƙashin Avail ita ce za ka rubuta a takarda. Game da yawan wurin da ake buƙata, Apple ya ce macOS Big Sur na buƙatar GB 35.5 idan daga macOS Sierra ko wanda ya biyo bayansa ake tasowa, Monterey kuma GB 26. Ni a aikina ba na fara girka kowace sabuwar manhaja sai na ga GB 40 zuwa 50 a wannan layin, kuma ina da dalili. A farkon 2021 an gano cewa mai girka Big Sur ba ya tsayawa ya duba wuri yadda ya kamata, sai ya fara aiki wuri ya ƙare masa a tsakiya, kwamfutar ta maƙale tana ta kunna kanta, wasu ma suka rasa hanyar kaiwa ga fayilolinsu kafin Apple ya gyara. An gyara wannan kuskuren, amma faifan da ya cika maƙil a tsakiyar aiki har yanzu abin gudu ne.

Mataki na 3: Ka gane sashen da yake aiki da wanda yake maraya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne buƙatar natsuwa, kuma a yi shi ne yayin da kwamfutar take kunne a yadda aka saba, ba a yanayin farfaɗowa ba. Ka buɗe Disk Utility, ka danna View, ka zaɓi Show All Devices. A gefen hagu za ka ga faifan kansa a sama, rumbun a ƙarƙashinsa, sannan sassan. Ka danna kowane sashe mai kalmar Data ɗaya bayan ɗaya, ka duba akwatin bayanan da ke ƙasa, musamman layin Mount Point.

Sashen da aka rubuta wa /System/Volumes/Data shi ne mai rai, shi ne kwamfutar take amfani da shi a wannan lokacin, kuma ba a taɓa shi. Wanda aka rubuta wa /Volumes/ sannan sunansa ya biyo baya, ko wanda sunansa ya yi dishi-dishi saboda ba a ɗora shi ba, shi ne ake zargi da maraici. Wata alamar kuma ita ce marayan yakan bayyana a gefen Finder ko a kan fuskar kwamfuta kamar wani faifai na daban, alhali mai rai ba ya bayyana haka. Ka rubuta lambar Device ta kowannensu, wadda take kama da disk1s1 ko disk3s5, tare da girman abin da kowanne ya ci.

Don ƙarin tabbaci ka koma Terminal ka rubuta:

diskutil apfs listVolumeGroups

Wannan zai nuna maka sassan da aka ɗaura wa juna aure, wato wane Data ne yake tare da wane System. Idan lambar da ka rubuta ta mai rai ta fito a rukuni ɗaya da Macintosh HD ɗin da kake kai, to lissafinka ya yi daidai. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne yanke hukunci da suna ko da girma. Sunaye kan zo iri ɗaya harafi da harafi, kuma sau da yawa marayan ne ya fi girma, tunda shi ne ya tara kayan shekaru, sabon kuwa bai daɗe da haihuwa ba. Idan ka rubuta diskutil list za ka kuma ga wasu ƙananan sassa masu suna Preboot, Recovery da VM, a wasu na'urorin har da Update. Waɗannan na manhajar ne, ba su maimaitu ba, kuma goge su na iya hana kwamfutar tashi.

Mataki na 4: Ka leƙa cikin marayan kafin ka yanke masa hukunci

Idan ba a ɗora shi ba, ka zaɓe shi ka danna Mount. Idan an kulle shi da FileVault, tsarin Mac na kulle bayanan faifai, zai nemi kalmar sirri, kuma wadda yake nema ita ce ta tsohon asusun da ke cikinsa. Da ya buɗu, ka shiga foldar Users ka duba sunayen da ke ciki, sannan ka shiga Desktop da Documents da Pictures na kowanne.

Na taɓa karɓar MacBook Air ta wata ɗaliba da ta kai gyara wani shago, aka sake girka mata manhaja, aka ce mata kayanta sun tafi. Ta yi wata biyu tana sake rubuta kundin bincikenta daga abin da ta iya tunawa, sannan ta zo wurina saboda kwamfutar ta ƙi sabuntuwa don ƙarancin wuri. Da muka buɗe sashen da ya maimaitu, muka tarar da babi huɗu na kundin da hotunan bikin yayarta, babu abin da ya taɓa su. Da na bi abin da ta roƙe ni a bakin ƙofa, wato in goge na biyun kawai in ba ta kayanta, da ni ne zan zama wanda ya hallaka su da gaske. Tun daga ranar ba na goge sashe sai mai kwamfuta yana zaune kusa da ni ya ga abin da ke ciki da idonsa.

Duk abin da ake so, a kwashe shi zuwa faifan waje, kada a kwafe shi cikin kwamfutar, domin rumbun ɗaya ne kuma za a ƙara cika shi. Idan kuwa na hannu ka saya, ka tarar da fayilolin tsohon mai ita, to amana ce ta faɗo hannunka: kada ka bincika, idan akwai hanyar sanar da shi ta wurin wanda ya sayar maka ka yi, in babu ka goge.

Mataki na 5: Ka cire marayan

A cikin Disk Utility ka zaɓi marayan, ka sake duba Mount Point da lambar Device ka gwada da abin da ke takardarka, sannan ka danna alamar ragewa da ke saman taga a wurin Volume. Kada ka danna Erase, domin wannan zai share cikinsa ne kawai ya bar sashen a zaune. Idan akwatin da ya fito ya ba ka zaɓin Delete Volume Group, ka dakata, saboda hakan na nufin sashen yana ɗaure da wata babbar manhajar. Ka koma mataki na 3 ka tabbatar cewa rukunin tsoho ne wanda ba ka amfani da shi. Amfanin yin wannan aiki a kwamfutar da take kunne shi ne na'urar ba za ta yarda ka cire sashen da take tsaye a kai ba. A yanayin farfaɗowa babu wannan kariyar, dukan sassan suna bayyana a ƙarƙashin /Volumes/, kuma a can ne mafi yawan asarar take faruwa. Bayan cirewa ka sake rubuta umarnin mataki na 2 ka ga yadda lambar ta ƙaru.

Mataki na 6: Idan har yanzu wurin bai isa ba

Ka fara da hotunan wucin gadi (snapshots), wato kwafin yadda faifan yake a wani lokaci, da Time Machine yake ajiyewa a cikin kwamfutar kanta, waɗanda yakan ɗauka kowace awa ya riƙe na tsawon awa 24. Su ne suke sa ka goge bidiyon GB 20 amma wurin bai dawo ba, domin hoton yana riƙe da shi. Ka rubuta:

tmutil listlocalsnapshots /

Za ka ga layuka masu ɗauke da kalmar TimeMachine da kwanan wata da lokaci. Ka goge kowanne da umarnin sudo tmutil deletelocalsnapshots sannan ka biyo da kwanan watan da lambar lokacin daidai yadda suka fito a layin. Na'urar za ta nemi kalmar sirri, kuma ba za ka ga haruffan suna fitowa ba yayin da kake rubutawa, haka abin yake. Layin da ya fara da com.apple.os.update na babbar manhajar ne, ka bar shi.

Daga nan ka duba wuraren da kaya suka saba taruwa. A Ventura da waɗanda suka biyo baya ka shiga System Settings, General, sannan Storage. A Monterey da na baya ka shiga About This Mac, Storage, sannan Manage. Kwafin ajiyar wayar iPhone yakan ci wuri mai yawa, kuma yana nan a ~/Library/Application Support/MobileSync/Backup, inda za ka iya kaiwa ta danna Shift da Command da G a cikin Finder. Ka duba Applications ko akwai tsofaffin fayilolin da sunansu ya fara da Install macOS, domin kowanne ya haura GB 12 a sababbin manhajoji. Hotunan da ka goge a Photos suna zama a Recently Deleted har kwana 30 sai ka share su da hannu. Manyan bidiyoyi kuma ka mayar da su faifan waje na ɗan lokaci, sannan ka zubar da kwandon shara, ka kashe kwamfutar ka kunna.

Ina gargaɗi game da manhajojin da ake tallatawa cewa suna share kwamfuta da dannawa ɗaya. Abin da suke sharewa kaɗan ne a kan abin da ka riga ka yi da hannunka, wasunsu kuma talla suke cusawa. Haka nan kada ka shiga foldar System ko Library ta tushe kana goge abin da ba ka san aikinsa ba.

Mataki na 7: Girkawa, da hanyar filashi idan wuri ya yi ƙaranci

Kafin ka fara, ka zaɓi sashen Data a Disk Utility ka danna First Aid, sannan ka yi wa rumbun haka. Idan ya gama babu ƙorafi, ka haɗa caja ka fara sabuntawa daga Software Update. Kwamfutar za ta mutu ta tashi sau da dama, layin ci gaba kuma yakan tsaya wuri ɗaya na mintuna masu yawa. Kada ka danne maɓallin wuta, kada kuma ka rufe murfin.

Idan wurin ya kusa isa amma fayil ɗin girkawar ne yake cinye ragowar, ka mayar da shi kan filashi. Ka goge filashin a Disk Utility da tsarin Mac OS Extended (Journaled), ka sa masa suna MyVolume, sannan ka rubuta wannan, misali ga Sonoma:

sudo /Applications/Install\ macOS\ Sonoma.app/Contents/Resources/createinstallmedia --volume /Volumes/MyVolume

Da ya gama, ka goge fayil ɗin girkawar daga Applications ka zubar da shara. A Mac mai Intel ka kunna kana danne da Option ka zaɓi filashin; a mai guntun Apple, wato M1 da 'yan bayansa, ka danne maɓallin wuta har sai zaɓuɓɓukan tashi sun fito. Masu Intel da ke da guntun tsaro na T2 ba sa yarda su tashi daga filashi sai an ba da izini a Startup Security Utility cikin yanayin farfaɗowa. Wannan filashin yana da wani amfanin a wurinmu, domin saukewa ɗaya za ta wadatar da kwamfutoci da yawa ba tare da an sake ƙona data ba. Idan aka tambaye ka inda za a girka, ka zaɓi Macintosh HD, kada ka zaɓi sashe mai kalmar Data, domin daga nan ne ake haifar da sabon maimaici.

Mataki na 8: Idan kwamfutar ta riga ta maƙale a tsakiyar sabuntawa

Kada ka fara da gogewa. Ka shiga yanayin farfaɗowa, da Command da R a kan Intel, ko ta danne maɓallin wuta ka zaɓi Options a kan guntun Apple. Aikin farko shi ne ceto fayiloli. Idan akwai wata Mac a kusa da kebul ɗin da ya dace, mai Intel za ta zama kamar faifan waje idan aka kunna ta ana danne da harafin T, mai guntun Apple kuma tana da Share Disk a ƙarƙashin Utilities. Idan babu wata Mac, ka girka macOS a kan faifan waje wanda babu komai a cikinsa, ka tashi kwamfutar daga gare shi, sannan ka buɗe sashen Data na ciki ka kwashe kayanka, ka kuma rage masa nauyi. Sau da yawa da zarar an samar da GB 30 ko 40, sake girkawa a kan Macintosh HD ba tare da goge komai ba yakan kammala aikin, fayiloli kuma su zauna yadda suke.

Idan ya zama dole a share komai a fara daga farko, to a yi shi yadda ba zai bar maraya ba. A Mac mai guntun Apple ko T2 da ke kan Monterey zuwa sama, Erase All Content and Settings ita ce hanya mafi tsabta muddin kwamfutar tana tashi. In ba haka ba, a Disk Utility na yanayin farfaɗowa ka zaɓi Macintosh HD, ka danna Erase, kuma idan maɓallin Erase Volume Group ya fito, shi za ka danna, sannan ka cire duk wani sashen Data da ya saura da alamar ragewa kafin ka fara girkawa. Ga wanda ya sayi ta hannu, ka tabbatar tsohon mai ita ya fita daga asusunsa na Apple ya kuma kashe Find My, tsarin Apple na neman na'urar da ta ɓata, kafin ka share, domin in ba haka ba kwamfutar za ta tsaya a shafin Activation Lock tana neman kalmar sirrinsa, kuma babu umarnin Terminal da zai wuce da kai wannan shafin.